SHAYE-SHAYE: AN TSARE IYAKA DA KASUWA, SAURA ƘOFAR ASIBITI

Ranar 1 ga watan Mayu na shekarar 2018 ne Gwamnatin Tarayya, ta bakin Ministan Lafiya na wancan lokaci, Farfesa Isaac Adewole, ta dakatar da ba da izinin shigo da kodin domin haɗa maganin tari, jim kaɗan bayan da gidan rediyon BBC ya fito da wani fim na bincike a kan yadda ake cinikin wannan magani ta bayan fage. Tun daga wannan rana jama'a sun saba da jin labarin kame. Yau a ce an tare kwantena cike da tiramadol a tashar jiragen ruwa ta Legas, gobe a ce Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, watau NDLEA, ta cinna wa tarin tabar wiwi wuta a bayan gari. Wannan aiki ne mai kyau, kuma babu mai hankalin da zai ce a sassauta shi.

Amma akwai wata tambaya wadda ba a cika yinta ba a wuraren taro. Shin mutumin da ya shekara uku ko biyar yana shan kwalba biyu a kowace rana, ina ya nufa ranar da kwalbar ta yanke? Doka tana iya rufe kanti cikin dare ɗaya, amma jikin da ya riga ya saba ba ya bin umurnin doka. Irin wannan mutum yakan wayi gari da ciwon gaɓoɓi, da gumi, da amai, da gudawa, sai 'yan'uwansa su ɗauke shi zuwa kemis ko asibitin da ya fi kusa. A can kuwa sau da yawa abin da za a ce shi ne zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, a yi masa allura, a ɗaura masa ruwa, a sallame shi. Kafin ya isa gida ya riga ya san abin da zai kwantar masa da ciwon, kuma ya san inda ake sayar da shi.

YAWAN WAƊANDA ABIN YA SHAFA

Ba a san girman wannan al'amari sosai ba sai a watan Janairu na 2019, lokacin da aka bayyana sakamakon binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da manyan laifuffuka. Binciken ya nuna cewa mutum miliyan 14.3, watau kashi 14.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wani abin sa maye, ban da barasa da taba sigari, a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Wannan ya ninka matsakaicin adadin duniya fiye da sau biyu. Masu shan tabar wiwi sun kai miliyan 10.6, masu shan magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramadol ba bisa ƙa'ida ba miliyan 4.6, masu shan maganin tari kuma miliyan 2.4. A cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. A shiyyar Arewa maso Yamma an ƙiyasta kimanin mutum miliyan 3, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu suna Jihar Kano.

Adadin da ya fi shafar asibiti shi ne wannan: ɗaya daga cikin biyar na waɗannan mutane, watau kusan miliyan 3, shan ya riga ya zame masu ciwo. Kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka fi nisa a ciki sun ce suna bukatar magani, sai dai tsadar kuɗi, da tsoron abin da mutane za su ce, da rashin wurin zuwa sun tare masu hanya. Ashe ke nan akwai dubban mutane waɗanda ba sai an farauto su ba, su da kansu suke neman mafita.

BAMBANCIN MAI SHA DA MAI JARABA

A bakin jama'a duk wanda aka gani da ƙwaya sunansa ɗan ƙwaya. A wurin likita kuwa akwai matakai, domin maganin kowane mataki daban ne. Akwai wanda ya ɗanɗana a wurin biki, akwai leburan da ke haɗiyar tiramadol da safe don ya jure aikin ƙarfi, akwai kuma wanda abin ya riga ya ɗaure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da alamu uku na wannan mataki na ƙarshe, kuma idan biyu daga cikinsu sun tabbata na tsawon lokaci, to, jaraba ta kama. Alama ta farko ita ce mutum ya kasa mallakar kansa a kan lokacin sha da yawan abin da zai sha. Ta biyu ita ce shan ya sha gaban komai a rayuwarsa, ya gwammace shi a kan aiki da karatu da iyali, ko da yana ganin ɓarnar da yake yi masa. Ta uku ita ce ta jiki, watau abin da ke isarsa a da ya daina isarsa sai ya ƙara, in kuma ya rasa sai jiki ya rikice.

Wannan rikicewar jiki ita ce za a iya kira ciwon yaye, gama kamar yadda yaro ke shiga wani hali idan aka cire shi daga nono ba shiri, haka ƙwaƙwalwar da ta daidaita aikinta da wani sinadari takan birkice idan aka ɗauke shi farat ɗaya. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma wannan sabon ya wuce na zuciya, yana da mazauni a cikin jijiyoyi, kuma ana iya auna shi da bugun jini da zafin jiki.

ME YA SA BA A GANE SHI?

Dalili na farko shi ne ba a tambaya. Likitan da ke da layin mutum saba'in a bakin ƙofarsa ba ya da lokacin dogon zance, kuma a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare, hannu yakan rubuta maganinsa tun kafin majinyaci ya gama bayani. Dalili na biyu shi ne kunya. Saurayin da mahaifinsa ke tsaye a kansa ba zai ce yana shan roci ba. Matar auren da mijinta ko uwar mijinta ta rako ta ba za ta ambaci kwalbar da ke ƙarƙashin gadonta ba. Magidancin da ake ganin girmansa a masallacin unguwa ba zai furta kalmar barasa a gaban nas ba. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ba wanda zai tuɓe a tsakiyar kasuwa. Sabo da haka abu na farko da ake koya wa ma'aikacin lafiya shi ne ya nemi 'yan rakiya su ɗan ba da wuri, ya tabbatar wa majinyaci cewa maganar ba za ta fita daga ɗakin ba, sa'an nan ya yi tambayar a cikin sauran tambayoyi, kamar yadda yake tambayar abinci da barci, ba tare da ɗaure fuska ko wa'azi ba.

Abubuwan da ake son a sani kaɗan ne: me ake sha, nawa a rana, tun yaushe, ta baki ko ta allura, ana haɗa shi da wani abu, kuma yaushe aka sha na ƙarshe. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mafi amfani, domin da ita ake lissafin lokacin da ciwon yaye zai fara da lokacin da zai tsananta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara gajerun tambayoyi domin wannan aiki, kamar guda goma da ake kira AUDIT don masu shan barasa, da waɗanda ake kira ASSIST don sauran kayan maye. Ba sa bukatar na'ura ko wutar lantarki, kuma ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye yana iya kammala su cikin 'yan mintoci.

Akwai kuma waɗanda jarabar ta same su ta hannun asibiti. Masu ciwon sikila, watau amosanin jini, sukan sha allurar pentazosin a lokacin da ciwo ya taso, kuma likitocin ƙasar nan sun daɗe suna ba da rahoton yadda wasu daga cikinsu suka koma yi wa kansu allurar a gida, har cinyoyi da damatsa suka cika da gyambo da taurin nama. Wannan bai zama hujjar hana mai sikila maganin ciwo ba, gama ciwonsa na gaske ne. Abin da ake bukata shi ne likita guda da ya san shi, da kati guda da ake rubuta abin da aka ba shi.

BA DUKA YAYE NE ƊAYA BA

Kuskuren da ya fi yawa, a gida da asibiti, shi ne ɗaukar cewa maganin kowane mashayi shi ne a kulle shi a ɗaki har abin ya fita daga jininsa. Sakamakon wannan ya danganta ne ga abin da mutum yake sha.

Mai shan kodin ko tiramadol ko makamantansu yakan fara jin alamu cikin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. Sai a ga yawan hamma, da hawaye, da majina, tsigar jiki tana tashi, baƙin tsakiyar ido ya buɗe, sa'an nan murɗawar ciki da amai da gudawa da ciwon ƙashi su biyo baya, barci kuma ya ƙaura. Abin yakan kai maƙura a rana ta biyu ko ta uku, ya lafa cikin mako ɗaya ko kwana goma. Azabarsa mai tsanani ce, amma ba ya cika kisa, sai fa idan amai da gudawa sun ƙarar da ruwan jiki ba a mayar ba. Ana taimakon mai shi da ruwan gishiri da sukari ko ƙarin ruwa, da maganin amai da na gudawa da na ciwon jiki, ko kuma a riƙa rage masa abin da yake sha kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin kulawar likita. Mace mai ciki ita ba a yanke mata farat ɗaya, domin hakan na iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini, kuma jaririn da ta haifa yana bukatar a sa masa ido na 'yan kwanaki, tun da shi ma an yaye shi ranar da aka yanke cibiyarsa.

Tiramadol tana da nata halin na dabam. Iyakar abin da littattafan magani suka yarda a ba babban mutum a rana shi ne miligiram 400, kuma ƙwayoyin da aka amince da su a ƙasar nan na miligiram 50 ne da 100. Waɗanda ake fasa-ƙwaurinsu kuwa akwai na 200, da 225, har da 250, wasu samari kuma sukan haɗiye da yawa a lokaci guda. Yawanta yana sa jijjiga irin ta farfaɗiya. Sabo da haka duk saurayin da aka kawo asibiti ya faɗi yana shure-shure, alhali ba a san shi da farfaɗiya ba, ya kamata a tambayi abokansa abin da ya sha kafin a ɗora shi a kan maganin farfaɗiya na shekaru. Wajen yaye ma, ban da alamun da aka ambata, wasu sukan gamu da firgita da ruɗewa da gane-gane, har a zaci taɓin hankali ne.

Wanda ya fi haɗari shi ne yayen barasa, kuma shi ne aka fi ɓoyewa a wannan yanki. Alal misali, a kwantar da mutum sabo da karaya ko aikin tiyata, ba wanda ya san cewa kullum sai ya sha. A ranar farko sai hannunsa ya soma rawa, gumi ya karyo masa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Tsakanin awa 12 da 48 yana iya yin jijjiga. A rana ta biyu zuwa ta huɗu kuwa wasu sukan shiga wani mummunan hali na ruɗewa, jiki ya yi zafi, mutum ya daina gane inda yake, ya riƙa ganin ƙwari da macizai a jikin bango yana ƙoƙarin gudu. A nan ne 'yan'uwa sukan ce iska ce ko sammu, su nemi a ba su mara lafiyarsu su tafi gida. Wannan hali yana kisa idan ba a kula da shi ba, alhali maganinsa yana nan a kusan kowane babban asibiti kuma ba shi da tsada: dayazafam da ake bayarwa bisa awo ana ragewa cikin 'yan kwanaki, da sinadarin bitamin B1 wanda ke kare ƙwaƙwalwa daga lahani na dindindin, da ruwa, da ɗaki mai haske da natsuwa.

Ƙwayoyin sa barci, irin su Valium da Rohypnol wadda matasa ke kira roci, su ma haka suke. Yanke su farat ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha yana iya kawo jijjiga da ruɗewa, wani lokaci bayan kwanaki da dama, sa'ad da kowa ya ɗauka an wuce wurin. Ƙa'idarsu ita ce a riƙa ragewa sannu a hankali cikin makonni ko watanni. Tabar wiwi kuwa yayenta bai wuce saurin fushi da rashin barci da rashin cin abinci na mako ɗaya ko biyu ba, sai dai a lura da wanda ta riga ta taɓa wa tunani. Tun da yake yawancin matasa gauraya suke yi, aikin likita shi ne ya gano mafi haɗari a cikin abubuwan da aka haɗa, ya fara da shi.

Wajibi ne kuma a bambance yaye da shan da ya wuce kima, domin kishiyoyin juna ne. Wanda ya sha kodin ko tiramadol fiye da ƙarfinsa ba ya farkawa, numfashinsa yana ja da baya, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura. Wannan ba ya jiran gobe. Akwai allurar naloksan wadda ke farfaɗo da numfashi cikin mintoci, amma ƙarfinta yakan ƙare cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, sabo da haka ba a sallamar mutum don kawai ya buɗe ido.

BAYAN MAKO NA FARKO

Iyaye da yawa sukan ɗauka cewa da zarar an "wanke jini" magana ta ƙare. Masana kuwa sun tabbatar da cewa yaye shi kaɗai ba ya hana komawa, kuma makonnin da ke biye da shi suna da haɗari na musamman. Jikin da ya huta ya rasa juriyarsa ta da, in mutum ya koma ya sha adadin da ya saba, wannan adadin yana iya zama ajalinsa. Haka abin yake ga wanda ya fito daga kurkuku. Ya kamata a faɗa wa majinyaci wannan magana ƙarara ranar sallama, a faɗa wa iyalinsa.

Abin da ke riƙe mutum shi ne kulawa mai ɗorewa: ganawa da mai ba da shawara a kai a kai, maganin baƙin ciki ko fargabar da wataƙila su ne suka tura shi tun farko, gwajin ciwon hanta da ƙanjamau ga masu allura, da sana'ar da za ta cike masa yini. Ga waɗanda jarabar ta yi wa katutu akwai metadon da bufurenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2005, domin an ga suna rage mace-mace suna kuma mayar da mutane bakin aiki. Har yanzu ba su wadata a asibitocin ƙasar nan ba. Komawa sha bayan an daina kuwa abu ne da ke faruwa, kamar yadda hawan jini ke tashi bayan ya sauka, kuma ba dalili ba ne na korar mutum daga asibiti.

Sa iyali cikin jinya ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. Tun a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa karɓar magani da rana. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma daga baya ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

INDA ASIBITI YA BAR GIƁI

Idan asibiti bai karɓi mutum ba, wani wuri zai karɓe shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, kuma a watan da ya biyo baya aka sami irin wannan a Daura da wasu garuruwa. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, sabo da shaye-shaye. An rufe gidajen, amma bukatar da ta cika su tana nan. Duk wanda ya fahimci abin da yayen barasa ko na roci ke iya yi cikin kwana huɗu, zai gane haɗarin ɗaure mutum a ɗakin da babu ma'aikacin lafiya, ko gidan mari ne ko ofishin 'yan sanda.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi kare mutunci da haƙƙin majinyaci. Sai dai doka ba ta duba mara lafiya. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha nanata cewa 'ya'yanta da ke aiki a cikin ƙasa ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ko da an ninka gadajensu sau goma, ba za su ɗauki mutum miliyan 3 ba. Dole ne mafi yawan aikin ya sauka a kan manyan asibitocin jihohi da cibiyoyin lafiya na ƙananan hukumomi, kuma domin irin wannan hali ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008, wanda ke koya wa likitocin gama-gari da ma'aikatan jinya yadda za su gane waɗannan cututtuka su kuma yi maganinsu.

Abin da ya rage ga ma'aikatun lafiya na jihohi ba ya bukatar sabon gini. Kamata ya yi a sa tambayar shaye-shaye a cikin katin kowane majinyaci, musamman a ɗakin haɗari da na masu ciki da na tiyata. A tabbatar da cewa naloksan da bitamin B1 na allura suna cikin kabad ɗin kowane ɗakin gaggawa, kuma nas ɗin dare ta san inda mabuɗin yake. Makarantun koyon aikin jinya da na ma'aikatan lafiya su mayar da wannan darasi na dole, a kuma yi jarrabawa a kansa. A shirya da rundunar 'yan sanda da hukumar gidajen yari yadda ma'aikacin lafiya zai riƙa duba wanda aka tsare a cikin kwanakinsa na farko. Ma'aikatan gwamnati da ke tsara kasafin kuɗi su tuna cewa kowace kwantenar da aka kama a Legas tana nufin wasu mutane a Kano da Gusau da Damaturu za su wayi gari babu abin da jikinsu ya saba da shi, kuma kuɗin da aka ware don kame ya kamata ya tafi tare da kuɗin da aka ware don jinyar waɗannan mutane.

Ga iyaye da ɗalibai kuma, idan wani na kusa ya ce zai daina, a taimake shi ya fara da ganin likita, a faɗi gaskiyar abin da yake sha da lokacin da ya sha na ƙarshe. In an ga jijjiga, ko ruɗewa, ko numfashi yana ja da baya, a garzaya da shi asibiti a wannan sa'a, kada a jira gari ya waye.